Tabarau na gani-kamar-gaske a ɗakin bakwaini: me za a koya wa uwa, wa zai koya mata?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar ɗakin kula da jarirai marasa lafiya a wani babban asibiti ya san irin shirun da ke wurin. Takalma a jere a bakin ƙofa. Mata masu ɗanyen jego a zaune kan benci, wasu a tabarma, kowace da ɗan kofi tana tatsar nono, maza kuwa na kai-kawo tsakanin kantin magani da wurin biyan kuɗi. A ciki, bayan gilashi, ga jaririn da nauyinsa bai kai kilo ɗaya da rabi ba kwance a kwalba, an zura masa siririn tiyo ta hanci, wata na'ura tana ƙara a gefensa. Uwarsa ba ta san ma'anar ƙarar ba. Idan ta tsananta sai gabanta ya faɗi, idan ta yi shiru ma sai gabanta ya faɗi. Tana jin nauyin tambaya, domin ma'aikaciyar jinyar da za ta tambaya tana da wasu jariran da yawa a wuyanta.

Sai ranar sallama ta zo, bayan mako uku ko biyar. A tsaye ake karanta mata abin da za ta yi: ta riƙa ba shi nono duk bayan awa biyu ko uku, kada ta bari ya yi sanyi, ta dawo idan ta ga kaza da kaza. Ta ce to. Daga nan ta ɗauki ɗan da ƙwararru suka yi makonni suna gadinsa dare da rana, ta shiga mota zuwa Kubwa ko Lugbe ko Mararaba, inda babu na'ura, babu likita, sai ita da surukarta da maƙwabta, kowa da shawararsa.

Wannan giɓi ne ya sa wasu asibitocin yara a Amurka da Turai suka fara gwada fasahar gani-kamar-gaske, wadda ake taƙaita sunanta da VR. Wani irin tabarau ne mai rufe idanu gaba ɗaya. Wanda ya sa shi sai ya ga kamar yana tsaye cikin wani ɗaki, ya waiga dama ya ga dama, ya miƙa hannu ya ɗauki abu. Asibitin yara na Jami'ar Stanford da ke Kalifoniya yana da wata manhaja irin wannan da ake nuna wa iyaye zuciya da ita: uba ya shiga cikin zuciyar, ya ga inda hujin yake, ya ga abin da likita zai ɗinke. Daga irin wannan ne tunanin ya faɗaɗa zuwa ɗakin bakwaini, wato a sa uwa ta zaga ɗakin tun kafin ta shiga, ta san aikin kowace na'ura, ta gwada abin da za ta yi idan ɗanta ya daina numfashi, ta yi kuskure, ta sake, ba tare da an taɓa lafiyar kowa ba.

Ba a daɗe ake yi ba kafin irin wannan kaya ya iso Abuja cikin jakar ɗan kwangila, da hotuna masu kyau da takardar neman ganin minista. Da yawa daga masu karanta wannan shafi su ne za su karɓi takardar, su rubuta mata bayani, su miƙa ta sama. Ya dace su san abin da ke ciki tun kafin ta zo.

Girman matsalar ba abin musu ba ne. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa cikin kowane jarirai 1,000 da aka haifa da rai a Najeriya, 39 ba sa cika wata guda. Burin da ƙasashen duniya suka sa wa hannu shi ne a sauko zuwa 12 nan da 2030. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya da abokan aikinta ya ce a shekarar 2020 kaɗai an haifi bakwaini fiye da 770,000 a ƙasar nan, Indiya da Pakistan ne kawai suka fi ta. Kaɗan ne daga cikinsu ke samun gado a ɗakin kulawa ta musamman, kuma waɗanda suka samu ɗin ma gida za su koma. Rayuwarsu daga ranar tana hannun abin da uwa ta sani.

Hujjar cewa koyar da uwa na ceton jariri a cikin gida aka samo ta. Shawarar jarirai cuta ce da ake gane ta da ido, ake maganinta da haske na musamman, amma idan aka yi jinkiri sai ta taɓa ƙwaƙwalwa, yaro ya tashi kurma ko da shanyewar gaɓoɓi, ko ya rasu. Likitoci a wasu manyan asibitocin ƙasar, ciki har da na Kano da Zariya da Jos da Legas, sun bi diddigin jariran da aka kawo da ita, suka wallafa sakamakon a 2020. Jariran da aka koya wa iyayensu mata alamomin cutar lokacin awon ciki da bayan haihuwa an fi kawo su da wuri, kuma taɓuwar ƙwaƙwalwa a cikinsu ta yi ƙasa ƙwarai idan aka kwatanta da na matan da ba a faɗa wa komai ba. Babu wata na'ura mai tsada a wannan aiki. Magana ce aka yi wa mata a lokacin da ya dace, aka ce musu su duba idon jariri da fatarsa a hasken rana, kada su tsaya shanya shi a hantsi ko ba shi ruwan gulukos, su nisanta shi da kafur ɗin da ake sa wa cikin tufafi.

To, idan magana ta yi wannan, gani zai iya fin ta. Hausawa sun riga sun yanke hukunci cewa gani ya kori ji, kuma a nan ne tabarau ɗin yake da hujjarsa mafi ƙarfi. Akwai abubuwan da baki ba ya iya kwatanta su sosai. Ana cewa uwa ta lura idan ƙirjin jariri yana lotsawa yayin numfashi, ko numfashin ya kai 60 a minti ɗaya. Ana cewa bakwaini yakan ɗauke numfashi na ɗan lokaci. Wadda ba ta taɓa ganin haka ba ba za ta iya bambance shi da barci ba, musamman da ƙarfe biyun dare a ɗakin da babu wuta. Ma'aikaciyar jinya ba ta da ikon kawo jariri mai ɗauke numfashi ta nuna wa ɗalibanta a lokacin da ta ga dama, kuma ba daidai ba ne ma ta yi. Na'urar tana iya kawo shi sau goma a rana. Tana iya sa uwa ta ji faɗuwar gaban, ta daskare a karon farko, a karo na biyu ta tuna ta shafa bayansa ta motsa tafin ƙafarsa, a karo na uku hannunta ya riga tunaninta. Matuƙan jirgin sama da haka ake horar da su shekara da shekaru, kuma babu mai kiran wannan almubazzaranci.

Akwai kuma waɗanda ƙofar ɗakin ba ta buɗe musu. A yawancin asibitoci uwa kaɗai ke shiga, ita ma a ƙayyadadden lokaci. Uba yana waje, kaka tana waje. Amma a gidaje da yawa, musamman idan haihuwar fari ce, kaka ce mai magana ta ƙarshe a kan jariri: ita za ta ce a yi masa wanka da asuba, a gasa cibiya, a kira wanzami ya cire beli, a zubar da nonon farko. Yarinyar da ta dawo daga asibiti da ilimin da aka ba ta a tsaye ba za ta iya ja da uwar mijinta ba, kunya ma ba za ta bar ta ba. Idan akwai hanyar da kaka za ta ga cikin ɗakin da idonta, ta ga yadda ake wanke hannu kafin a taɓa jikanta, ta ga abin da sanyi ke yi wa jikin da ba shi da kitsen da zai riƙe ɗumi, wataƙila ta zama mai gadin ƙa'idar maimakon mai karya ta. Wannan amfani ne da masu ƙera na'urar a ƙasashensu ba lallai su yi tunaninsa ba, kuma zai iya fin duk sauran muhimmanci a nan.

Sai dai ba girin-girin ba, ta yi mai. An riga an gwada fasahar a Najeriya, ko da yake a kan ma'aikata ne. Masu bincike daga Jami'ar Washington da Jami'ar Legas da takwarorinsu na Kenya sun ɗauki ma'aikatan jinya da ungozomomi fiye da 200 da aka koya wa farfaɗo da jaririn da bai yi kuka ba bayan haihuwa, suka raba su: wasu na bita da manhajar gani-kamar-gaske a waya, wasu da bidiyo, wasu da littafin da aka saba. Sakamakon da aka wallafa a 2021 ya nuna cewa bayan wata shida tazarar da ke tsakanin rukunonin ba ta da faɗi. Masu tabarau sun ɗan fi riƙe abin da suka koya, ma'aikatan kuma sun ji daɗin amfani da shi. Sakamako ne mai ƙarfafa gwiwa, amma bai kai a buga masa tambura ba. Kuma waɗannan ƙwararru ne masu lafiya, waɗanda suka saba da darasin. Matar da aka yi wa fiɗa shekaranjiya, ba ta yi barci ba, jininta bai gama daidaita ba, wani lissafin ne daban, domin sanannen abu ne cewa na'urar takan sa wasu jiri da tashin zuciya.

Abin da aka tabbatar yana ceton bakwaini kuwa ya sha bamban da tabarau kamar dare da rana. A ƙarshen shekarun 1970, a wani asibitin haihuwa da ke Bogota ta ƙasar Kolombiya, kwalabe suka yi kaɗan, ana haɗa jarirai biyu ko uku a guda, cuta na yaɗuwa. Likita Edgar Rey ya fara ɗora jariran a ƙirjin iyayensu mata, fata da fata, a ɗaure da zane. Shi ne goyon da ake kira na kangaru, don kamanninsa da yadda dabbar nan ta Ostireliya ke riƙon ɗanta a aljihun cikinta. Shekaru da yawa ana jira sai jariri ya ɗan warware kafin a fara. Sai Hukumar Lafiya ta Duniya ta jagoranci gwaji a asibitoci biyar, a Ghana da Indiya da Malawi da Tanzaniya da Najeriya, inda asibitin koyarwa na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife ya wakilci ƙasar. Jarirai masu nauyin kilo 1 zuwa ƙasa da 1.8 aka ɗauka. Rabi aka ɗora su a ƙirji nan take, aka kawo gadon uwa cikin ɗakin kulawar, rabi aka bi tsohuwar hanya. A 2021 aka bayyana cewa mace-mace a watan farko sun ragu da kashi 25 cikin 100 a rukunin farko. Bambancin ya fito fili har aka tsayar da gwajin kafin wa'adinsa. A Nuwamba 2022 hukumar ta sauya ƙa'idarta, ta ce a fara goyon da zarar an haihu, awa 8 zuwa 24 a rana.

Darasin Ile-Ife shi ne a shigo da uwa ciki. Kuma ba Ile-Ife kaɗai ba. A birnin Tallinn na Estoniya, ƙarancin ma'aikatan jinya ne ya tilasta aka bar mata su kula da 'ya'yansu a ɗakin, sai aka ga jariran sun fi ƙiba. Likitocin asibitin Mount Sinai da ke Toronto suka ɗauki tsarin suka gyara, aka gwada shi a Kanada da Ostireliya da New Zealand: iyaye su zauna gefen jariri aƙalla awa shida a rana, su ciyar, su canza ƙunzugu, su halarci zagayen likita, ma'aikaciyar jinya ta zama malamarsu. Sakamakon 2018 ya nuna jariran sun fi ƙara nauyi, iyayen kuma damuwarsu ta ragu. Abin lura a nan, duka dabarun biyu talauci ne ya haife su, masu kuɗi suka zo daga baya suka koya.

Nan haɗarin yake. Asibitin da ba shi da wurin ajiye gadon uwa, ba shi da banɗakin da za ta yi wanka, ba shi da abincin da zai ba ta, zai iya samun mafaka a cikin tabarau. Sai a bar uwa a benci kamar yadda take, a ɗaura mata na'ura a fuska, a nuna mata ɗakin da taku goma ne tsakaninta da shi, a rubuta a rahoto cewa an horar da iyaye kaza. An bar jaki ana dukan taiki ke nan. Hoto ba ya ɗumama jariri. Ba ya sa nono ya kawo, kamar yadda ɗumin jikin ɗa da ƙamshinsa ke sa wa. Hannun da zai riƙe kofi a leɓen bakwaini ba tare da ya shaƙe shi ba, a kan jariri na gaske yake koyo, da wata ƙwararriya a tsaye a kansa.

Batun kuɗi ma yana nan. Tabarau mafi araha na kamfanin Meta, Quest 3S, dala 299 aka fara sayar da shi a 2024, wato kusan naira 500,000 a canjin lokacin, kafin jigila da kwastan, kusan albashin wata bakwai na mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Wannan farashin ƙarfen ne kawai. Manhajar da za a zuba a ciki ita ce mai cin kuɗi, sannan ga caji, ga gyara, ga goge shi da maganin ƙwayoyin cuta duk lokacin da zai tashi daga wata fuska zuwa wata, a wurin da cuta mai yaɗuwa ke cikin manyan masu kisa. Duk wannan a ƙasar da aka yanke wa asibitin koyarwa na Ibadan wuta a ƙarshen 2024 saboda bashi, ya shafe fiye da kwana 100 a haka, a ƙasar da fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya daga aljihun majinyata yake fita, kuma alkawarin da aka ɗauka a Abuja a 2001 na ware kashi 15 cikin 100 na kasafi ga lafiya bai taɓa cika ba. Ba a rasa masu ƙirƙira da suka fahimci wannan yanayi ba. Farfesa Hippolite Amadi ya ci kyautar kimiyya ta kamfanin NLNG a 2023 da na'urorin taimaka wa jarirai numfashi masu aiki da hasken rana. Duk nairar da ta tafi ga tabarau, irin waɗannan ta tsallake.

Wani zai ce ai ƙarancin ma'aikata ne ma hujjar sayen na'urar. Magatakardan hukumar kula da aikin jinya da ungozoma ya faɗa a farkon 2024 cewa ma'aikatan jinya 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku. Idan malami ya yi ƙaranci, me zai hana a sa inji ya maimaita darasi? Maganar tana da ƙamshin gaskiya, kuma ita ce mafi ƙarfin abin da ɗan kwangila zai faɗa. Amma wani ne zai ɗaura wa uwa na'urar, ya tsaya kusa kada ta faɗi, ya amsa tambayar da za ta yi bayan ta cire, kuma wannan wani ɗin ita ce dai ma'aikaciyar da aka ce ba ta da lokaci. Inda na'urar za ta rage mata aiki shi ne maimaita abu guda sau ashirin. Inda ba za ta rage ba shi ne duban fuskar uwa a gane cewa ta ce to ne kawai don kunya.

Sannan da wane harshe? Manhajar da aka yi a Boston tana nuna farar mace a ɗaki mai na'urar ɗumama iska, da firij na ajiye nono, da lambar waya ta kiran motar asibiti. Ko an fassara maganar, ɗakin bai fassaru ba. Wadda za ta yi aiki a Gwagwalada sai ta nuna ɗaki mai gidan sauro da fitilar caji, da sanyin hunturu na shigowa ta taga, da zanen goyo irin wanda uwar ke da shi a akwatinta, ta yi magana da Hausa da Yarabanci da Ibo da turancin buroka, kuma ta yi aiki ba tare da intanet ba. Idan an kai nan, tambaya mai ɗaci za ta taso: shin ɗan gajeren bidiyo da aka ɗauka da kyau, aka tura wa uwa da uba da kaka ta WhatsApp, su kalla a gida sau nawa suka so, ba zai yi kusan aikin ba da kaso kaɗan na kuɗin? Gwajin Legas da Kenya bai nuna tazara mai yawa tsakanin bidiyo da tabarau ba. Duk takardar da ba ta amsa wannan tambaya ba bai kamata ta wuce teburin farko ba.

Wannan ba kira ba ne na a rufe ƙofa. Akwai wurin gwaji ƙarami a asibitin koyarwa ɗaya ko biyu, waɗanda suka riga suka shigo da uwa ciki, da tabarau mai arha da ake saƙala waya a cikinsa, a kan abubuwa biyu ko uku da ba a iya nunawa a zahiri. A auna shi da abin da ke da ma'ana, wato jarirai nawa aka dawo da su asibiti a makare cikin watan farko, nawa ke shan nonon uwa zalla, nawa suka rayu, a kwatanta da na masu kallon bidiyo, a wallafa sakamakon ko ya yi daɗi ko bai yi ba. Yawan na'urorin da aka raba da hoton bikin ƙaddamarwa ba ma'auni ba ne. Idan kwalliya ta biya kuɗin sabulu, a faɗaɗa.

Akwai kuma wani abu da ya fi kusa da hannun ma'aikatan tarayya fiye da duk wannan, kuma ba ya buƙatar dala. Kowace irin koyarwa, ta tabarau ce ko ta baki, tana buƙatar ɗalibin ya kasance a wurin. A Satumba 2021 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da hutun kwana 14 ga ma'aikacin da matarsa ta haihu, ci gaba ne da ya cancanci yabo. Amma kwanakin an ƙidaya su ne da tunanin haihuwa lafiya: a sallami mai jego kashegari, a yi suna ranar bakwai, a koma ofis. Wanda aka haifa masa ɗa a mako na 30 na ciki hutunsa zai ƙare jaririn yana kwalba. Goyon kangaru na awa da yawa a rana ya fi ƙarfin mace ɗaya, uba ma yana iya karɓa ya ɗora a ƙirjinsa, idan yana nan. Ma'aikaciyar da ita ce ta haihu kuwa, wani babban yanki na hutunta a bencin asibiti yake ƙarewa, ta koma aiki da ɗan da har yanzu bai yi ƙwari ba.

Birtaniya ta duba wannan ta yi doka a 2023, wadda ta fara aiki a Afrilu 2025: iyayen da aka kwantar da jaririnsu a ɗakin kulawa cikin kwana 28 na farko, ya kuma yi aƙalla mako guda a can, suna da ƙarin hutu har zuwa mako 12, uwa da uba duka, ban da hutun haihuwar da aka saba. Ba dole Najeriya ta kwafi adadin ba. Hutun uba na kwana 14 daga takardar da Ofishin Shugaban Ma'aikatan Tarayya ya gabatar wa majalisar zartarwa ya fito, kuma ta wannan hanya ce za a iya ƙara masa sakin layi guda a kan jaririn da aka kwantar, da shaidar likitan asibitin gwamnati a haɗe.